Sabon Hancin Bindigar Baba Ormon

Kara-Bulak, farkon Agusta

Ƙanena Kubanic,

Gaisuwa mai yawa daga ni da duk mutanen gida. Ina fata kana cin abinci mai zafi a can Izhevsk, ba burodi da baƙin shayi kaɗai ba. Mu nan sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da ta fara shafa kitsen jelar rago. Baba lafiyarsa ƙalau, in ka ɗebe fushi. Maigidana yana can kan tudu da dawaki, ba zai sauko ba sai ƙanƙara ta koro shi, don haka ni da yara mun tare a gidan su Baba.

Saƙonka ya iso ta hannun direban nan mai gashin baki, amma babu takarda. Da na tsare shi sai ya ce wai ya ga wata 'yar takarda, sai dai ya ƙunshe soyayyun 'ya'yan kabewa da ita a hanya. Muka kwance ƙunshin, sai ga kwalin harsashi da wani ɗan bututun ƙarfe mai nauyi, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Kwalin mun gane shi. Bututun ne ya tara mana jama'a.

Yara suka ce usur ne. Maƙwabcinmu Toktosun ya leƙo ta kan shinge ya ce bakin famfo ne. Inna ta karɓa ta juya shi, ta leƙa cikinsa, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Wannan ai bututun fitsarin jarirai ne da muke sawa a gadon lilo, na Rasha ne kawai aka yi da ƙarfe. Yaron nan ya yi aure a ɓoye har an haihu!" Ta ɗan yi kuka, sannan ta ɗauko ulu ta fara saƙa ƙananan safa.

Baba ne ya shafa gindinsa ya ji zare irin na noti. Ya sauko da bindigar da ka saya masa, ya murɗa shi a bakinta, ya zauna daram. Amma da ya zura yatsa ya ji wasu layuka a murɗe a ciki, sai ya kwance ya ce ba zai harba abin da bai san asalinsa ba.

To ga abin da ke damunmu. Aladen dajin da na ba ka labari ya dawo, kuma ya ƙara girma, bayansa kamar kifaffen kwale-kwale. Ya kwantar da kusan rabin masarar da ke gefen rafi. Mai gadin daji ya ba Baba takardar izini. Sau uku Baba yana harbinsa, sau uku yana wucewa abinsa yana kaɗa jela. Toktosun ya ce a bainar jama'a, a ƙofar masallaci, "Ormon, ka daina tsorata dabbar nan da ƙara, kada ka kurmantar da ita." Baba, wanda a dā yake sauko da ragon dutse daga kan tsauni! Idan masarar nan ta tafi, saniya da tumaki ba su da abin kai wa bazara.

Ka rubuto da wuri ka faɗa mana mene ne wannan ƙarfe. Kuma in da gaske ka yi aure, ka faɗa, safa ta kusa kammala.

Yayarka,
Zuura


Izhevsk, tsakiyar Agusta

Yaya Zuura,

Na sami wasiƙarki, na karanta a wurin aiki na yi ta dariya har shugabanmu ya kashe injin ya zo ya ga ko yatsa na yanke. Ina lafiya, tarin ma ya tafi. Ki gaishe da Baba da Inna da yara. Ki ce wa Inna ban yi aure ba, ko kyanwa ba ni da ita, ta warware safar ta yi mini babba.

Bututun nan maharban nan garin ne suka nuna mini shi. Kin san cikin bindigar Baba sumul yake kamar kara, an yi ta ne don harsashi mai watsuwa na harbin tsuntsu. In aka sa mata dunƙulen dalma guda ɗaya, yakan fita yana tangal-tangal kamar jifan mace, ki yi haƙuri. Layukan nan da Baba ya ji da yatsa su suke kama dalmar a daidai lokacin fita, su murza ta, ta tafi tana juyi kamar mazarin Inna. Abin da ke juyi kuwa ba ya karkata. Ba zai mai da bindigar ta zama ta soja ba, amma daga rafi zuwa bishiyar tuffa ya kamata ya sami alade.

Ga sharuɗɗansa. A ɗaure shi tamau kafin harbi. A yi amfani da harsashin da ke cikin kwalin, dalmarsa mai laushi ce kuma tana da ɗamara da layukan za su kama. Dunƙulen da Baba yake narkawa a cokali ba zai yi ba. Kada a kuskura a sa wani abu na ƙarfe. Bayan an ɗan yi harbi a goge cikinsa da burushin waya, don dalma tana cike layukan. Kuma kada a fara da alade, a fara da tsohon katako a ga inda yake kaiwa.

Abu ɗaya ya rage. Kin san ɗan tsinin nan na tagulla da ke kan hancin bindiga, wanda muke kira ido, da shi ake saiti. Kafin in taho bindigar ta taɓa faɗuwa daga kan sirdi, ina zargin ya ɗan lanƙwashe. Idan an yi duk abin da na faɗa amma har yanzu ana kuskure, to tsohon ya gama aiki, ido ya lalace. Kada ku wahalar da kanku, ku ajiye shi gefe, zan aiko muku da sabo.

Ki ce wa Toktosun na ji maganar famfo. Wanda ya taɓa harbin jakinsa da sunan kerkeci bai kamata ya yi wa kowa dariya ba.

Ƙanenki,
Kubanic


Kara-Bulak, ƙarshen Agusta

Kubanic,

Muna lafiya, muna fatan kai ma haka. Gaisuwar ke nan, don yau ba ni da doguwa. Ka ja mini magana.

Ina zaune ina karanta wa Inna wasiƙarka da ƙarfi, ka san kunnenta. Baba yana waje yana ba saniya ruwa. Bai tashi shigowa ba sai daidai inda ka ce tsohon ya gama aiki, ido ya lalace, a ajiye shi gefe za ka aiko da sabo. Ya tsaya a bakin ƙofa da bokiti a hannu.

Ya ce, "Madalla. Ashe a Rasha har uba ake sayarwa."

Na ce, "Baba, tsinin bindiga yake nufi, bari in karanta maka daga sama."

Ya ce, "Ba sai kin gyara masa ba, 'yata. In sabon ya iso ku ba shi shimfiɗata, tana kusa da murhu."

Na bi shi da takardar har garke, ya ƙi saurara. Na ce to ya karɓa ya karanta da kansa, ya ƙi karɓa. Ya rataye bindiga a ƙusa. Tun ranar shayi kawai yake sha da ɗan gutsuren gurasa. Inna ta yi masa shinkafa da naman rago da karas, ya ture akushin ya ce a ajiye wa baƙo. Alade kuwa ya samu sake, ya shiga dankali.

Da na ga haka sai na sauko da bindigar da kaina, ranar da Baba ya tafi gaisuwar mutuwa a ƙetaren rafi. Na cire tsohuwar ƙofar akurkin kaji, na zana da'ira da gawayi, na jingina ta a jikin tuffa, na koma bakin rafi na ɗora bindigar a kan buhun ƙasa. Ba bututu, ramuka suka watse ko'ina a ƙofar, ɗaya ma ban san inda ya tafi ba, Allah ya sa ba wajen jakin Toktosun ba. Na ɗaura bututun na sa dunƙulen Baba na cokali, duk kanwar ja ce. Sai na sa naka. Kubanic, suka taru wuri guda, gurasa ɗaya za ta rufe su! Sai dai ba a cikin da'irar ba, sun koma hagu kamar tafin hannu. Da na ci gaba suka fara rarrabuwa, na goge da burushi suka sake haɗuwa. Kafaɗata ta yi baƙi ƙirin, na ce wa Inna saniya ce ta ture ni. Wannan jifan macen ne da ka ce.

Me ya sa yake ja hagu? Na duba tsinin ta kowane gefe, a miƙe yake.

Ga abin da ban so rubutawa ba. Idon bindiga lafiyarsa ƙalau. Na mai bindigar ne. Jiya na ga Baba yana zuba shayi a gefen kofi, ya yi sauri ya rufe wurin da hannun riga. Da na dube shi a rana sai na ga wani fari-fari kamar madara a ƙwayar idonsa na dama. Shi ya sa bai karɓi takardar ba. Shi ya sa maganarka ta shige shi haka, ka harba a duhu ka sami inda yake ɓoyewa. Ka rubuto masa, shi kansa, ni zan karanta.

Zuura


Izhevsk, Satumba

Zuwa ga mahaifina, da gaisuwar girma da neman albarka.

Baba, ina fatan kana lafiya da Inna. Wallahi tsinin tagulla nake nufi. Bakin da ya kira ka tsoho da wannan ma'ana, Allah kada ya ba shi abin taunawa. Kai ka koya mini riƙon bindiga, ni kuwa har yau ban taɓa samun ko zomo ba. Ka yafe mini, ka ci abinci.

Yaya Zuura, jan hagun ba laifi ba ne. Kowane bututu da inda yake kai harsashi. Tunda suna taruwa, ki saita dama da abin da kike so kamar tafin hannu, kuma kada ki sake kwance shi. Amma kada ki je wa aladen nan ke kaɗai. In aka ji masa rauni bai mutu ba, kan mutum yake yowa.

Kubanic


Izhevsk, tsakiyar Oktoba

Yaya Zuura,

Gaisuwa. Shiru ya yi yawa. Na rubuto ban ji amsa ba. Yau a kasuwa na haɗu da wani mutumin kwarinmu mai sayar da busasshen tuffa, ya ce ya ji an yi harbi a gonarmu, an ɗauko Baba a kan doki zuwa bakin titi, an wuce da shi asibitin Jalal-Abad. Bai san komai bayan wannan ba. Ban iya komawa aiki ba. Bututun ne ya fashe? Ko aladen ne? Ni na aiko da ƙarfen nan, in wani abu ya sami Baba ban san inda zan sa kaina ba. Na gaya wa shugabanmu zan tafi gida. In ban ji daga gare ki ba kafin ƙarshen wata, zan hau jirgin ƙasa, ko da aikin zai tafi.

Kubanic


Kara-Bulak, ƙarshen Oktoba

Ƙanena,

Kwantar da hankalinka, kowa lafiya, Baba ya fi kowa. Kada ka bar aikinka. Na ba wa direba wannan wasiƙa hannu da hannu, na kuma cika masa aljihu da tsohuwar jarida don 'ya'yan kabewarsa. Ruwa ne ya tafi da gadar ƙasa, wasiƙunka biyu suka maƙale a gari suka iso tare.

Ga yadda aka yi. Kwana kaɗan bayan gwajin da na yi, na fito da safe sai na tarar da Baba a bayan akurki, ya jawo ƙofar nan da na ɓoye a ƙarƙashin ciyawa, yana zura yatsa a ramukan ɗaya bayan ɗaya.

Bai waiwayo ba ya ce, "Kina tsammani kurma ne ni? Muna tsakiyar addu'a a ƙetare ina jin muryar bindigata. Liman ma sai da ya yi tuntuɓe."

Na tsuguna kusa da shi.

Ya ce, "Waɗannan da suka taru, da ƙarfen yaron nan ne?"

Na ce da shi ne.

Ya dafa tafinsa a kansu ya ce, "Hagu take ja. Ki ba ta dama. Gobe da asuba ki sa takalmin da ba ya ƙara."

Bayan sallar asuba muka fita. Bai kai ni inda na zata ba. Ya jiƙa yatsa ya ɗaga ya ji iska, ya zagaya da ni ta bayan dankali, ya zaunar da ni a gefen magudanar ruwa, ya ce ta nan yake komawa daji in ya ƙoshi. Gari ya fara haske, ni ban ga komai ba sai karan masara. Baba ya rufe ido. Can sai ya taɓa gwiwata ya nuna da haɓa. Sai da aka jima na ji karan yana karyewa, sannan ga shi ya fito, baƙi, yana huci, haurensa kamar lauje. Na ɗaga bindiga na saita kansa.

Baba ya raɗa mini, "Bar kansa, kan nan dutse ne. Bayan kafaɗa. Ki saki numfashi tukuna. Ba sauri, ai masararmu ce a cikinsa, nauyi ya yi masa."

Dariya ta kusa kuɓuce mini. Na ba ta dama, na ja. Aladen ya zabura ya keta shinge, ya yi 'yar tafiya, ya kife a tsakiyar kabejin Toktosun.

Baba ya ce, "Ya faɗi? Na ji ya faɗi!" Ya miƙe ya daka tsalle yana kiran Toktosun da ya fito ya ga kurman alade. Tsallen ne ya kai shi cikin magudana, ƙafa ta gurɗe. Wannan shi ne duk harbin da aka yi wa Baba. Yana kan doki ƙafa a kumbure yana ba mutane labari, har waɗanda ba su tambaya ba.

Harsashin ya shiga daidai inda ya ce. Stepan, ɗan Rashan nan mai kiwon zuma, ya zo da amalanke ya kwashe aladen tunda su suna cin namansa, ya aiko mana da zuma. Toktosun ya ce sa'a ce kawai, kuma a biya shi kabejinsa. Inna ta aika masa da ƙananan safar nan ta ce ya sa wa jaki.

A asibiti wata likita ta duba ƙafar ta ce za ta warke da kanta. Sai ta tsaya tana kallon fuskarsa, ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, yatsu nawa ne nan?"

Ya ce, "Ke da hannunki, ni za ki tambaya?"

Ba ta sake shi ba sai da aka cire masa yanar idon. Ya yi ta faɗa, amma ya kwanta. Da wasiƙunka suka iso bayan mun dawo gida, na karanta masa ta farkon, ya ce in sake karanta wurin zomon. Daga nan ya nemi miya.

Mun tsira da fiye da rabin masara, dankali ma ya yi. Baba ya ce shi zai rubuto maka da hannunsa, ka jira.

Yayarka,
Zuura


Kara-Bulak, Nuwamba

Kai Kubanic,

Ni ne ubanka. Ina lafiya, uwarka tana lafiya, saniya ta haihu mace. Rubutun nan nawa ne, in ya karkace laifin alƙalami ne.

Na gwada ƙarfenka da kaina bayan an kwance mini ido. Ga hukuncina. A kusa, da shi da babu duk ɗaya, kada wani ɗan birni ya ruɗe ka. Daga nesa yana da amfani, in an ba shi harsashin da yake so kuma an wanke masa ciki. Da harsashin tsuntsu kuwa ba shi da kan gado, na harbi makwarwa ya watsa ko'ina ya bar ta a tsakiya tana kallona. Ƙarfe ne mai kyau, amma ba ya jin iska kuma bai san hanyar alade ba. Ni da yayarka mun yi gasa a kan sabuwar ƙofa. Ba zan faɗa maka wanda ya ci ba. Bindigar dai yanzu a ɗakinta take kwana.

Wata magana. Da na dawo daga asibiti na ga abubuwa da yawa da ba a gaya mini ba. Rufin garke ya lotsa. Uwarka ta fi yadda nake zato kyau. Sannan na ga wani hoto a saƙale a jikin madubi, wani mutum a cikin babbar riga a gaban wani dogon gini, kumatu sun faɗa, furfura a gefen kai. Na ce da uwarka wane ne wannan bawan Allah, me yake yi a ɗakina. Ta ce kai ne, wai tun bara yake nan.

Na sauko da shi na zauna da shi a bakin taga har shayina ya huce. Ni yaro na raka bakin titi.

Kada ka sake aiko da ƙarfe. In ƙanƙara ta narke ka nemi hutu ka zo. Akwai rago da na ware. Ina so in ga furfurar nan da idona tun yana sabo.

Allah ya yi maka albarka.

Ormon